Kundin Aikin Rubuta Jagorar Likitoci Masu Neman Ƙwarewa a Sashen Hoto

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024

A taron sashe na safiyar yau shugabar sashenmu ta ɗora mini aikin rubuta jagorar aiki ga likitocin da ke shigowa neman ƙwarewa a fannin radiyoloji, wanda mutanen gari suka fi sani da sashen hoto. Asibitinmu na koyarwa ne a arewa maso yammacin Najeriya, kuma yana karɓar sababbin likitocin da suka gama shekarar sanin makamar aiki da hidimar ƙasa, suka kuma ci jarrabawar share fage. Har zuwa yau sabon shiga yana sanin nauyin da ke wuyansa ne ta bakin wanda ya gabace shi, idan ya dace da mai son bayani, idan kuwa bai dace ba sai ya san shi ta hanyar faɗan da babban likita zai yi masa a gaban ɗalibai.

Kwalejoji biyu ne ke tsara wannan horo, wato Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin a Legas, wadda aka kafa a 1979, da Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma, wadda radiyoloji ke cikin tsangayoyinta. Kowace tana da manhaja da littafin da mutum ke rubuta ayyukan da ya yi babban likita ya sa hannu, kuma kowace ta raba horon gida biyu: ƙaramin mataki da ke ƙarewa da jarrabawar kashi na ɗaya, da babban mataki da ke ƙarewa da kundin bincike da jarrabawar kashi na biyu. Manhajojin sun yi bayanin abin da ya kamata likita ya sani dalla-dalla. Abin da ba su faɗa ba, kuma ba huruminsu ba ne su faɗa, shi ne wanda zai kira da ƙarfe uku na dare idan hoto ya nuna jini ya taru a cikin kan yaro, da abin da zai yi idan wanda ya kira ɗin bai ɗaga waya ba.

Na yanke shawarar ba zan rufe kowane babi ba sai na gwada shi a bakin aiki, na kuma nuna wa masu ɗaukar hoto da nas-nas, domin sun fi kowa sanin inda sababbin likitoci ke tuntuɓe. An ba ni wa'adi zuwa ƙarshen watan Maris.

Laraba, 16 ga Oktoba, 2024

Na fara da babin tantance takardun neman hoto, ko da yake wasu abokan aiki sun ga ya fi dacewa a fara da rubuta rahoto. Hujjata ita ce aikin likitan hoto yana farawa tun kafin a kunna na'ura. Kowace takarda da ta zo daga ɗakin kwanciya ko sashen gaggawa tambaya ce wani likita yake yi, kuma wajibi ne mai neman ƙwarewa ya gane tambayar, sannan ya tabbatar cewa hoton da aka nema shi ne zai amsa ta.

Na zauna a teburin karɓar takardu na wasu safiyoyi ina duba abin da ke shigowa. Da yawa ba su ɗauke da komai sai “ciwon ciki” ko “a duba”, babu shekarun mara lafiya, babu ranar jinin al'ada na ƙarshe idan mace ce, babu lambar wayar likitan da ya rubuto. Misalin da na sa a jagorar shi ne na matashiyar da ke jin ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama bayan ta ci abinci mai maiƙo, aka nemo mata hoton CT na ciki, wato hoton eksire na kwamfuta mai nuna jiki yanki-yanki. Sikanin ne ya fi nuna tsakuwa a madaciya, ba shi da radiyeshin, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar na CT ba. A ma'aunin radiyeshin da ake kira milisibat, hoton ƙirji guda ɗaya yana ba jiki kimanin 0.02, CT na ciki kuwa yana kaiwa wajen 8 zuwa 10, alhali abin da mutum yake samu daga ƙasa da iska da sararin samaniya a tsawon shekara bai wuce kimanin 2.4 ba a matsakaicin lissafi na duniya. Ga kuma batun aljihu, wanda littattafan ƙasashen waje ba su cika tsayawa a kansa ba: yawancin masu zuwa wurinmu da kuɗinsu suke biya, kuma sau da yawa sai an sayar da dabba ko buhun hatsi kafin a haɗa kuɗin CT. Likitan da ya bar aka yi hoton da ba a bukata ya cinye kuɗin da za a sayi magani da shi.

Ƙa'idar da na rubuta ita ce, mai neman ƙwarewa ba zai mayar da takarda ta hannun mara lafiya ko danginsa ba. Shi ne zai kira likitan da ya rubuto, su daidaita a kan hoton da ya dace, ya rubuta abin da suka yanke a jikin takardar. Na ga tsoho yana safa da marwa tsakanin gine-gine biyu da takarda a hannu saboda likitoci biyu sun ƙi magana da juna, kuma wannan abin kunya ne a wurinmu. Shugaban masu ɗaukar hoto ya sa na ƙara sakin layi a kan tantance mutum da lambar katinsa ta asibiti, domin a rana guda ana iya samun mata uku masu suna iri ɗaya har da sunan uba, kuma da yawa ba su riƙe ranar haihuwarsu ba.

Talata, 29 ga Oktoba, 2024

Rubutu ya tsaya saboda katsewar wutar lantarkin da ta jefa yawancin jihohin arewa cikin duhu tun makon jiya, bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta yankin. Sashen ya koma kan janareta, kuma ana ƙayyade sa'o'in da za a kunna manyan na'urori. Wannan ya tilasta mini buɗe babin da ba ya cikin tsarin farko, a kan abin da ke wuyan likitan da ke bakin aiki idan na'ura ba ta samuwa.

Na'urar MRI, wadda ke ɗaukar hoto da maganaɗisu mai ƙarfin Tesla 1.5, tana dogara ne da ruwan hiliyam mai sanyin kusan digiri 269 ƙasa da sifili, kuma idan injin sanyaya shi ya daɗe a kashe hiliyam ɗin yana zama iska ya tafi. Saboda haka dole likita ya sanar da injiniya da zarar ƙarar injin ta ɗauke. Dole kuma ya tuna cewa maganaɗisun yana nan da ƙarfinsa ko da babu wuta a ɗakin, don kada wani ya shiga da tukunyar iskar oksijin ko keken mara lafiya yana zaton an kashe komai. A ɓangaren CT, idan sa'o'i kaɗan ne aka samu, shi ne zai jera marasa lafiya gwargwadon haɗarin da suke ciki, ko da hakan zai ɓata wa wanda ya riga zuwa rai. Sikanin mai batir da hoton eksire na gargajiya sun ɗauki nauyi mai yawa a kwanakin nan. Yaron da ake zargin zazzaɓin taifot ya huda masa hanji, hoton ƙirji yana zaune a miƙe yakan nuna iska a ƙarƙashin tantanin da ya raba ƙirji da ciki, muddin an bar shi a miƙen na wasu mintuna kafin a ɗauka.

Juma'a, 8 ga Nuwamba, 2024

Yau ce ranar da masu wannan fanni ke tunawa da gano hasken eksire da Wilhelm Röntgen ya yi a Würzburg ta ƙasar Jamus a 1895, kuma na yi amfani da laccar da aka shirya wajen karanta wa jama'ar sashe daftarin babin kariya daga radiyeshin. Lambobin ba su da wuyar rubutawa. Ma'aikaci ba zai wuce milisibat 20 a shekara ba idan aka raba a kan shekaru biyar, ba kuma zai wuce 50 a shekara guda ba, sauran jama'a kuwa iyakarsu 1 ce. Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Najeriya, wadda dokar 1995 ta kafa, ita ke ba da lasisin na'urorin da sa ido a kan wannan. Abin da ke da wuya shi ne ɗabi'a. Bajon da ke auna radiyeshin ba ya amfanin komai idan yana rataye a jikin farar rigar da aka bari a ofis, kuma rigar dalma da aka ninke aka jefa a kan kujera takan tsage daga ciki ba tare da an gani ba, don haka rataye ta ake yi.

Na tsaya sosai a kan ɗakin da ake kallon hoto kai tsaye ana aiki, domin a nan ne sabon likita yake shan radiyeshin mafi yawa. Idan mutum ya ninka nisansa daga tushen hasken, abin da ke isa gare shi yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu, saboda haka taku ɗaya baya yana da daraja ƙwarai. Sai ɗage ƙafa daga fedar da ake takawa a kunna hasken da zarar an ga abin da ake nema, da matse hasken ya tsaya a kan gaɓar da ake dubawa kawai. Idan ana bukatar wanda zai riƙe yaro, ɗan'uwansa za a sa wa rigar dalma, ba ma'aikacin da zai yi hakan kullum ba, kuma ba mace mai ciki ba.

Wata babbar nas ta gyara mini wani abu mai muhimmanci. Na rubuta cewa a tambayi kowace mace da ke cikin shekarun haihuwa ko tana da ciki, sai ta ce: “Dokta, idan ka tambayi budurwa haka a gaban mahaifiyarta, ko amarya a gaban uwar mijinta, amsar da za ka samu ba ita ce gaskiyar ba.” An mayar da shi cewa mace ma'aikaciya ce za ta yi tambayar a keɓe. Na kuma ƙara cewa idan an riga an yi hoto aka gano ciki daga baya, likita ya kwantar wa matar da hankali da hujja, domin radiyeshin da ya isa ga ɗan tayi idan ya gaza miligire 100 ba dalili ba ne na tunanin taɓa cikin, kuma hoton ƙirji bai ko kusanci wannan adadin ba.

Alhamis, 28 ga Nuwamba, 2024

Babin ruwan kwantaras, wato ruwan allurar nan mai sinadarin aidin da ke haska jijiyoyin jini a CT, ya kammala. Kafin allura likita zai tambayi ko an taɓa yi wa mutum ita ta tayar masa da wani abu, ko yana da asma, ko yana shan metfomin na ciwon suga, ya kuma duba gwajin ƙoda. Wanda ma'aunin tacewar ƙodarsa ya gaza 30 shi ne ake tsoron ruwan ya ƙara masa lahani, kuma a kansa ne ake tsayawa a yi shawara da babban likita. Sai dai na rubuta a fili cewa jiran sakamakon gwajin ƙoda ba zai hana a yi wa wanda jini ke zuba a cikinsa hoto ba.

Mun yi atisaye ba tare da sanarwa ba: wani ɗalibi ya kwanta a kan gadon CT yana nuna numfashi ya sarƙe masa. Kowa ya san amsar a baki, wato adirenalin miligiram 0.5 a tsokar cinya ta waje ga baligi, a maimaita bayan minti biyar idan babu sauƙi, tare da oksijin da ƙarin ruwa. Amma akwatin magungunan gaggawa a kulle yake, makullin kuma yana hannun wanda ya fita cin abinci. Daga yau an daina kulle shi da kwaɗo, sai da ɗan hatimin roba da ake tsinkewa da hannu, kuma duba shi kowace safiya tare da ranar lalacewar magungunan ya shiga cikin aikin ƙaramin likitan da ke CT. Haka nan ba a cire wa mara lafiya kanula, wato ɗan bututun da aka sa masa a jijiya, sai ya zauna a gabanmu na kusan rabin sa'a, domin mummunan tashin jiki yawanci a mintunan farko yake zuwa.

Litinin, 16 ga Disamba, 2024

Na shafe makonni biyun nan a ɗakin hoton mahaifa, inda ake duba ko hanyoyin ƙwai a buɗe suke ga matan da ke neman haihuwa. A nan mai neman ƙwarewa da hannunsa yake aikin. Ana yin sa ne bayan jinin al'ada ya ɗauke kafin fitar ƙwai, galibi tsakanin rana ta 7 da ta 10, bayan an tabbatar babu ciki kuma babu ciwon sanyi mai zafi a mara.

Abin da ya fi cin lokacina shi ne sashen neman yardar mara lafiya. Wata mata ta shigo da takardar amincewa mijinta ya riga ya sa hannu a waje, kuma da na tambaye ta abin da aka ce za a yi mata sai ta ce: “Likita, an ce wankin mahaifa ne.” Na ce: “Hajiya, hoto ne. Za a sa siririn bututu ta gaba, a tura ruwa, za ki ji murɗa irin ta al'ada na ɗan lokaci, kuma duk sa'ar da kika ce a tsaya za a tsaya.” Ta yi shiru, sannan ta nemi a bar ƙanwarta ta tsaya a bakin ƙofa, aka kuma yi aikin lafiya. Sa hannun miji abu ne da iyalai da yawa ke so, kuma babu laifi a girmama shi, amma jikin na matar ne, yardarta ce doka da ɗa'ar aiki suke nema. Jagorar ta wajabta kasancewar ma'aikaciya mace a ɗakin tun daga farko har ƙarshe. Ta kuma ce likitan da ba ya jin Hausa ko Fulatanci ya nemi nas ta yi masa tafinta, kada ya sa ɗan matar ko mijinta, domin akwai tambayoyin da mace ba za ta amsa ta bakin ɗanta ba.

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Wannan ne babin da nake ganin jagorar ta tsaya a kansa, kuma aikin daren jiya ya ba ni yadda zan tsara shi. An kawo yaro ɗan kimanin shekara goma sha biyu wanda a-daidaita-sahu ya buge da yamma. Mahaifinsa yana ta nanata cewa: “Likita, ai da ƙafarsa ya shigo gida, har tuwo ya ci.” Bayan wasu sa'o'i ya fara amai, barci ya rinjaye shi, aka kasa tashinsa. Wannan tazarar ta samun sauƙi kafin a rikice sananniya ce idan ƙashin gefen kai ya tsage ya yanki jijiyar jinin da ke bin bayansa, jini ya riƙa taruwa tsakanin ƙoƙon kai da tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa.

Ni da ƙaramin likitan da ke kwana tare da ni mun tsaya a bayan mai ɗaukar hoto muna kallon allo, ba mu jira a buga fim ba. Ga jinin nan fari fat a gefen dama, mai siffar ƙwallon mangwaro, ma'aunin Hounsfield yana nuna wajen 60, wanda shi ne na sabon jini tun da ruwa 0 ne, iska kuma 1000 ƙasa da sifili. Layin tsakiyar ƙwaƙwalwa ya gusa hagu fiye da milimita 5. Abokin aikina ya karanta hoton daidai, babu abin da ya kuɓuce masa, sannan ya ja kujera ya fara rubuta rahoto tun daga sunan mara lafiya. Na ce masa: “Dokta, ajiye biro ka ɗauki waya.” Ya kira likitan tiyatar ƙwaƙwalwa ba a ɗaga ba, domin yana cikin wani aikin. Ya dube ni ya ce: “Chif, in sake kira?” Na ce ya tafi ɗakin tiyatar da ƙafarsa ya faɗa wa nas ɗin da ke ƙofa, ni kuma na kira sashen gaggawa su fara shirya jini. An shiga da yaron kafin kiran assalatu. Rahoton an rubuta shi daga baya.

A ganina babban abin da ya kamata sabon likita ya fahimta shi ne nauyinsa ba ya sauka da rubuta rahoto, sai sakamakon ya shiga kunnen wanda zai yi aiki da shi. A tsarinmu dangin mara lafiya ne ke karɓar ambulan su kai ɗakin kwanciya, kuma rahoton da ya yi daidai ɗari bisa ɗari yana iya kwana a aljihun babbar riga har gari ya waye. Saboda haka na jera abubuwan da ba a jira da su: jini a cikin kai, iskar da ta danne huhu, iska ko jini a cikin ciki, cikin da ya zauna a wajen mahaifa, murɗewar maraina wanda sa'o'i shida na farko ne ake da fatar ceto su, gudan jini a jijiyar huhu, abin da ya danne laka, shigewar hanji cikin hanji ga jariri, da bututun abinci da ya kauce ya shiga huhu. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikinsu zai sanar da likitan mara lafiya baki da baki, ya sa shi ya maimaita abin da ya ji, sannan ya rubuta suna da lokaci a cikin rajistar da na buɗe yau a ɗakin karanta hoto. Idan bai same shi ba ya hau zuwa na gaba da shi, har zuwa babban likitan da ke kan kira, kuma kada jin nauyin tayar da babba daga barci ya hana shi.

Talata, 28 ga Janairu, 2025

An tattauna daftarin a taron manyan likitoci, kuma an yi saɓani a wurare biyu. Na farko shi ne ko ƙaramin likita zai iya fitar da rahoto da dare ba tare da sa hannun babba ba. Wasu sun ce sam, domin sunan sashe ne a kai. Na kare ra'ayin cewa hana shi yana nufin likitocin gaggawa za su karanta hoton da kansu su yanke hukunci, kuma wannan ya fi haɗari. An tsaya a kan rahoton wucin gadi mai ɗauke da hatimin da ke nuna haka, wanda babban likita zai sake dubawa da safe, kuma idan an sami bambancin da zai sauya magani, wanda ya rubuta na farkon shi ne zai kira ya sanar. Za a riƙa kawo irin waɗannan bambance-bambancen taron wata-wata ba tare da ambaton suna ba, don kada tsoron tozarci ya sa mutane su riƙa rubuta rahoton da bai ce komai ba.

Na biyu shi ne aika hotuna ta WhatsApp. Kowa yana yi, kuma da shi ne babban likita yake taimaka wa na ƙasa da shi daga gida. Amma bayanin lafiyar mutum yana cikin abin da Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ba kariya ta musamman. An amince a ci gaba, da sharaɗin a rufe suna da lambar kati kafin a ɗauka, a aika wa mutum ɗaya maimakon zauren jama'a, a kuma goge bayan an gama.

Laraba, 19 ga Fabrairu, 2025

Likitocin yara sun nemi a sa babi a kan sikanin Doppler na jijiyoyin ƙwaƙwalwa ga yara masu sikila, kuma sun yi gaskiya, domin Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu wannan cuta. Ana ɗora kan na'urar a gefen kai gaban kunne, inda ƙashi ya fi sirara, a auna saurin gudun jini. Binciken da aka wallafa a Amurka a 1998 ya nuna cewa yaron da saurin ya kai santimita 200 a daƙiƙa yana cikin babban haɗarin shanyewar ɓarin jiki, kuma ƙarin jini a kai a kai yana rage haɗarin da kimanin kashi 90 cikin ɗari. Tsakanin 170 da 199 ana sake aunawa ba da daɗewa ba. Ƙarin jini kowane wata ya fi ƙarfin yawancin iyalanmu da ma'ajiyar jininmu, shi ya sa binciken da aka gudanar a asibitocin Kano da Kaduna, wanda aka wallafa a 2022, yake da muhimmanci a gare mu: ya gwada maganin haidiroksiyuriya ga irin waɗannan yara, bai kuma sami bambanci a yawan shanyewar jiki ba tsakanin masu shan miligiram 10 da masu shan 20 a kan kowane kilo na nauyin yaro.

Aikin mai neman ƙwarewa shi ne ya auna yaro daga shekara 2 zuwa 16 yana farke, ba ya kuka, ba ya zazzaɓi, ba kuma a lokacin da ciwon ya tashi ba, domin duk waɗannan suna sauya lambar. Na shigar da sakamakon da ya kai 200 cikin abubuwan da ake rubutawa a rajistar sanarwa, ko da yake yaron yana wasansa lafiya ƙalau, saboda uwar da aka ba takarda aka ce ta kai asibitin sikila ranar da aka ba ta tana iya rashin dawowa sai bayan watanni.

Alhamis, 13 ga Maris, 2025

Azumi ya kawo tambayoyin da daftarin bai amsa ba. Sikanin hanta da madaciya ya yi sauƙi, tun da ana son mutum ya yi kimanin sa'o'i shida bai ci komai ba, kuma kowa haka yake zuwa. Sikanin mara kuwa yana bukatar mafitsara a cike, mai azumi kuma ba zai sha ruwa ba, don haka mun mayar da irin waɗannan farkon safiya, muna gaya wa mata su sha ruwa sosai da sahur su riƙe fitsari gwargwadon iko. Hoton da ake shan ruwan bariyam da CT mai kwantaras da ba na gaggawa ba ana ba mutum zaɓin ɗage su zuwa bayan salla, musamman ga tsofaffi da masu ciwon suga, domin ƙishirwa a wannan zafin tana ƙara wa ƙoda nauyi. Masu tambayar ko allurar tana karya azumi, jagorar ta ce likita ya bayyana musu abin da ruwan yake da hanyar da yake bi a jiki, ya bar fatawa ga malamai. Idan kuwa jinkiri zai cutar, ya faɗi haka ƙarara.

Shugabar sashe ta ƙara mini wa'adi zuwa ƙarshen Afrilu, saboda waɗanda ya kamata su duba babin fiziks suna shirin jarrabawa.

Litinin, 7 ga Afrilu, 2025

An buga daftarin farko an raba wa ƙananan likitoci su yi aiki da shi na wata guda su dawo da gyara. Na duba rajistar sanarwa, kuma ana cika ta da rana yadda ya kamata, amma shafukan dare suna da giɓi, galibi a gurbin sunan wanda aka sanar. Da na bincika sai na tarar jadawalin masu kwana na sassan tiyata ba ya isowa sashenmu, don haka likita yakan yi magana da murya a waya bai san mai ita ba. Na rubuta wa shugabannin sassan ta hannun shugabarmu ina neman a riƙa aiko mana da jadawalin a farkon kowane wata, na kuma ƙara a jagorar cewa a tambayi suna da matsayi kafin a faɗi sakamako.

Babi uku suka rage. Na hoton nono yana jiran babbar likitar da ke kula da shi ta dawo daga hutu. Na ɗebo nama da zuƙe ruwa ko mugunya da allura ƙarƙashin sikanin yana bukatar a daidaita da ɗakin gwaje-gwaje a kan wanda zai kai samfurin da kuma gwajin daskarewar jini da za a nema tukuna. Na koyar da ɗalibai da halartar taron haɗin gwiwa da likitocin daji na rubuta rabinsa. Taron duba gyare-gyaren an sa shi a makon farko na Mayu, kuma masu ɗaukar hoto sun nemi a ba su nasu zaman daban kafin ranar.